Suna Linzami: Fashin Baƙi kan Yarjejeniyar Ramsar da Zangon Tsuntsaye 'Yan Cin Rani

A shekarar 1822, kusa da garin Klütz da ke arewacin Jamus, aka harbo wani babban tsuntsu fari, ɗan'uwan shamuwa, da guntun mashi soke a wuyansa. Mashin bai kashe shi ba, da shi ya taso kuma da shi ya iso. Da aka duba itacen sai aka ga daga tsakiyar Afirka ya fito. Har yau tsuntsun na nan ajiye a Jami'ar Rostock, da mashin a jikinsa. Kafin wannan rana Turawa na ta kame-kame kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa idan hunturu ya shigo, har akwai masu ilimi da suka yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki, ta yi barci sai ɗumi ya dawo. Mashin nan ya zama shaida ƙarara cewa cin rani suke tafiya, kuma tafiyar ta dubban kilomitoci ce.

Sai da aka ƙara fiye da ƙarni guda kafin gwamnatoci su fahimci abin da wannan ke nufi a aikace. Ayarin fatake na ƙetare sahara ne saboda madugu ya san inda kowace rijiya take, kuma ya tabbata zai tarar da ruwa a cikinta. Haka tsuntsu mai ƙaura yake. Tafiyarsa jerin zango ce, kuma ga tsuntsayen ruwa kowane zango dausayi ne: fadama, ko tafki, ko bakin kogi, ko shimfiɗar taɓo da teku ke bari idan ya janye. Ƙasar da ya yi sheƙa daban, wadda ya yada zango daban, wadda ya ci rani daban. Idan ɗaya ta busar da nata dausayin, duk kulawar da sauran suka yi ta tashi a banza.

Wannan fahimta ce ta haifi yarjejeniyar da ake kira Ramsar. Maganar ta faro ne a 1962, a wani taro da aka yi a yankin Camargue na kudancin Faransa, lokacin da ake ta zuƙe fadamun Turai ana mai da su gonaki, agwagin daji kuma na raguwa a idon kowa. Masanin tsuntsaye Luc Hoffmann na cikin waɗanda suka ja ragamar taron. Aka shafe shekaru ana gyara daftari, sannan a ranar 2 ga Fabrairun 1971 wakilan ƙasashe 18 suka amince da shi a garin Ramsar na Iran, a gaɓar Tekun Kasfiya, bisa gayyatar Eskandar Firouz, shugaban hukumar kula da namun daji ta ƙasar a lokacin. Yarjejeniyar ta fara aiki a Disambar 1975. Wuri na farko da aka rubuta a jerin shi ne yankin Cobourg na arewacin Ostireliya, a 1974. Yau ƙasashe sama da 170 ne ke ciki, wuraren da aka yi wa rajista sun haura 2,500, faɗinsu gaba ɗaya ya wuce hekta miliyan 250. Ranar amincewar ce ta koma Ranar Dausayi ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a 1997, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓe ta a 2021.

Ma'anar dausayi a wannan yarjejeniya ta fi wadda muka saba faɗi nesa. Ta haɗa ruwan daɗi da na gishiri, mai gudu da kwantacce, na dindindin da wanda ke ƙafewa da rani, wanda Allah ya yi da wanda mutum ya haƙa. Har gefen teku ma ya shiga, matuƙar zurfinsa bai wuce mita 6 ba idan ruwa ya janye. Don haka gonar shinkafa da tafkin dam da wurin kafa gishiri duk suna iya shiga, in sun cika sharaɗi.

Yadda wuri ke samun sunan

Sharuɗɗan tara ne, kuma cika ɗaya kaɗai ya isa. Wasu sun shafi kifi, wasu sun shafi halittun da ke gab da ƙarewa, amma biyu ne suka fi tashe, kuma duka na tsuntsaye ne. Na farko: idan wuri na tara tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai. Na biyu: idan yana ɗaukar kashi 1 cikin 100 na al'ummar wani jinsi guda.

Sharaɗin nan na biyu ya fi burge ni, domin akwai adalci a cikinsa. Ba ya tambayar girman wuri. Akwai wani ɗan tsuntsun bakin teku mai baki kamar cokali, da ke ƙyanƙyasa a can ƙuryar gabashin Rasha ya ci rani a kudu maso gabashin Asiya, wanda duk duniya bai kai dubu ɗaya ba. A irin wannan hali, ɗan tsukin taɓon da 'yan ƙalilan daga cikinsu ke sauka duk shekara ya riga ya zama abin da ya shafi duniya. Da a ce yawa kaɗai ake dubawa, da babu mai waiwayar wurin.

To wa ke ƙirga tsuntsu? Tun 1967, a tsakiyar watan Janairu na kowace shekara, dubban mutane a ƙasashe sama da 100 ke fita ƙidayar tsuntsayen ruwa, akasarinsu 'yan sa kai, ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara alƙaluman. An zaɓi Janairu ne saboda a lokacin yawancin matafiyan sun natsu a inda za su ci rani, ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. Aikin na buƙatar haƙuri. Mai ƙidaya zai kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku tun da sanyin safiya, ya jira ruwa ya taso ya matso da tsuntsaye wuri ɗaya. Ya ƙirga goma daidai, ya riƙe girman wannan goman a idonsa, sannan ya bi garken yana aunawa goma-goma, in sun yi yawa ɗari-ɗari. Ana cikin haka shaho ya gifta, garken ya tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi, a sake daga farko. Daga irin waɗannan takardu masu jiƙe da raɓa ake sanin nawa ne kashi 1 cikin 100.

Abin da zango ke nufi ga mai fiffike

Akwai wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki da dogayen ƙafafu, masana na kiransa Limosa lapponica. Yana yin sheƙa a Alaska. Idan lokacin tashi ya gabato sai ya duƙufa ci a cikin taɓo, har kusan rabin nauyinsa ya zama kitse. Gab da tashi, hanjinsa da ƙundunsa da hantarsa su tsuke, tunda ba zai yi amfani da su a hanya ba, ɗaukarsu kuma kaya ne. A 2007 wata mace da aka maƙala wa na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam ta tashi daga Alaska, ba ta sauka ba sai a Niyu Zilan, tafiyar kilomita sama da 11,000 cikin kwana takwas ko tara, ba ci ba sha. A 2022 wani ɗan ƙarami da bai cika wata shida ba ya yi kilomita 13,560 zuwa Tasmaniya cikin kwana 11.

Labarin da aka fi yaɗawa ke nan, amma komawar ce ta fi shafar maganarmu. Idan za su koma arewa ba sa miƙewa kai tsaye. Sai sun sauka a gaɓar Tekun Rawaya, tsakanin Sin da Koriya, su yi makonni suna mai da kitsen da suka ƙone, domin su isa wurin sheƙa da sauran ƙarfin yin ƙwai. Ba su kaɗai ba, miliyoyin tsuntsayen gabashin Asiya da Ostireliya ta nan suke bi. Kuma a cikin kusan shekaru 50 an cike kusan kashi biyu cikin uku na taɓon wannan gaɓa, an yi tashoshin jiragen ruwa da masana'antu da gonaki.

A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe katangar teku mai tsawon kilomita 33 a Saemangeum, ta yanke wani makeken dausayi daga teku. Masu goyon bayan aikin sun ce ai tsuntsayen za su koma wani wuri. Masu ƙidaya suka bi sawu a sauran gaɓar, suka bi har Ostireliya inda tsuntsayen ke cin rani, ba su gan su ba. Dubun-dubatar wani jinsi mai suna Calidris tenuirostris sun ɓace ke nan. Dalilin a fili yake: sauran zangon ma da masu shi, abincin da ke cikin taɓo kuma ƙayyadadde ne. Tsuntsun da ya iso bayan tafiyar kwanaki, kitse ya ƙare, ba shi da halin yawon neman sabon masauki.

Saemangeum bai taɓa shiga jerin Ramsar ba, duk da ya cika sharuɗɗan har ya yi rara, kuma Koriya ta Kudu mamba ce, ita ce ma ta karɓi baƙuncin babban taron yarjejeniyar a Changwon a 2008. A nan ne raunin tsarin na farko ya bayyana: ƙasa ce kaɗai ke gabatar da wurinta. Babu wata hukuma ta duniya da za ta ce wa gwamnati dole ki rubuta wancan. Abin da aka wajabta wa mai shiga shi ne ya kawo wuri ɗaya tak. Gaskiya ne daga baya an samu sauyi. Sin ta taƙaita cike gaɓar teku sosai a 2018, aka sa dausayin Yancheng cikin wuraren tarihi na duniya a 2019, wasu daga na Koriya kuma a 2021. Amma abin da aka binne an binne.

A ɓangaren Atlantika, zango biyu ne ke riƙe da hanyar. Akwai Tekun Wadden da Holan da Jamus da Denmak suka yi tarayya a kai, inda tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke ratsawa duk shekara. Akwai kuma Banc d'Arguin a gaɓar Muritaniya, inda sahara ta haɗu da teku, wanda ya shiga jerin a 1982, kuma kusan tsuntsayen gaɓa miliyan biyu ke cin rani a cikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna yadda igiyar ke da tsawo. A Taimyr da ke arewacin Saberiya ƙanƙara na narkewa da wuri fiye da da, ƙwari su fito su wuce kafin 'ya'yan tsuntsun Calidris canutus su ƙyanƙyashe. Sai su tashi ƙanana, da gajeren baki. Idan suka iso Muritaniya, bakin ba ya kai wa ga 'yan halittu masu ɓawo da ke binne can ƙasan taɓo, sai su koma cin saiwar ciyawar ruwa da ba ta ƙosarwa, kuma sun fi mutuwa. Muritaniya ta tsare wurinta, ta hana jiragen kamun kifi masu inji shiga, masuntan Imraguen, 'yan asalin wurin, kaɗai ke aiki da kwale-kwalen filafilai. Duk da haka cutar daga nisan dubban kilomitoci ta zo.

Me sunan ke tsinanawa?

Yarjejeniyar ta ce ƙarara rubuta wuri ba ya taɓa ikon ƙasa a kansa. Ba a turo masu gadi. Babu kotu, babu tara, babu takunkumi. Ofishinta da ke Gland a Suwizalan ƙarami ne, aikinsa ajiye jeri da ba da shawara. Abin da ƙasa ta ɗauka alkawari ne: za ta tsare yanayin wurin, za ta sanar idan ya fara lalacewa, za ta yi shawara da maƙwabta kan ruwan da suka haɗa. Har an bar mata ƙofar rage iyakar wurin idan wata buƙatar ƙasa ta gaggawa ta taso, da sharaɗin ta yi ƙoƙarin musanyawa da wani.

Wasu na jin haka sai su ce ai takarda ce kawai. Ban yarda da su ba, ko da yake na san abin da ke ƙona musu rai. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wurin da aka rubuta yana da taswira da iyaka da bayanin yadda yake a ranar rajista, saboda haka duk wanda ya zo daga baya yana da ma'auni. Bankunan da ke ba da bashin manyan ayyuka na duba jerin. 'Yan ƙasa na samun hujjar da za su tunkari gwamnatinsu da ita. Ƙasashe da dama kuma sun shigar da sunan cikin dokokinsu na cikin gida, inda yake da haƙora. Sai dai linzami na buƙatar hannun da zai ja shi.

Tun 1990 akwai wani jeri na biyu, Kundin Montreux, na wuraren da suka shiga matsala. Shi ma sai da yardar ƙasa ake sa wuri a ciki. Tafkin Chilika na Indiya ya shiga a 1993, bayan yashi ya toshe bakinsa, gishirin ruwan ya ragu, ciyawa ta mamaye, kifi ya ja baya. A 2000 aka haƙa sabon baki zuwa teku, ruwan ya daidaita, kifi da tsuntsu suka dawo, a 2002 aka cire shi daga kundin. Doñana ta kudancin Sifaniya kuwa tana ciki tun 1990. Wannan dausayi na daga cikin manyan masaukan tsuntsayen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Afirka, yana da kusan kowane irin lambar girma da duniya ke bayarwa, amma rijiyoyin gonakin da ke kewaye da shi, da yawansu ba bisa ƙa'ida ba, na zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai da kotun Tarayyar Turai ta samu Sifaniya da laifi a 2021, bisa dokokin Tarayyar. A 2022 tafkin Santa Olalla, wanda ake ɗauka ba ya ƙafewa, ya bushe ƙurmus, ya sake bushewa a 2023.

Doñana ta nuna abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar duka. Ana iya shata wa dausayi iyaka a taswira, amma ruwan da ke rayar da shi daga wajen iyakar yake zuwa. Gandun daji ana iya kewaye shi a ce an tsare. Dausayi kuwa makomarsa na hannun wanda ke riƙe da ƙofar dam a nisan ɗaruruwan kilomitoci, ko mai famfo a bayan shinge.

Babu inda wannan ya fi fitowa kamar Sahel. Tsuntsun da ya ƙetare Bahar Rum da sahara, koren farko da zai gani shi ne fadamun da ke kudu da yashi: bakin Kogin Senegal, makekiyar fadamar Kogin Neja a tsakiyar Mali, dausayin Hadeja da Nguru, Tafkin Chadi da Kogin Logone. Ambaliyarsu na kai wa ƙololuwa ne bayan damina, daidai lokacin da baƙin ke isowa. Masana a Holan sun daɗe da lura cewa yawan wani jan zalɓe da ke sheƙa a ƙasarsu na hawa da sauka ne gwargwadon ambaliyar Afirka ta Yamma a shekarar da ta gabata. Bayan farin 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Birtaniya cikin shekara guda, alhali babu abin da ya sauya a can. A shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, agwagi kan cunkushe a 'yan kududdufan da suka rage, inda raga ke kama su cikin sauƙi.

Fari daga Allah ne, amma dam aikin mutum ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, suka sauya yadda ruwa ke isa Hadeja da Nguru. Ambaliyar da a da ke zuwa ta koma ta ragu, wasu magudanan kuma suka zama ba sa bushewa sam, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin Ramsar a 2000, amma rajistar ba ta da iko a kan ƙofofin madatsun. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala cikin fadamar ya fi kawo amfani, idan aka haɗa shinkafa da kifi da kiwo da itace, fiye da idan an tare shi a sama don ban-ruwa. Ma'ana, ruwan da dinya da kirinjijiya da baƙin agwagi ke buƙata shi ne dai wanda masunci da makiyayi da manomi ke jira.

Waɗanda suka tsara yarjejeniyar sun hango wannan tun 1971, lokacin da akasarin masu kare namun daji ke ganin mafita ita ce a kori mutane a kafa shinge. Suka zaɓi kalmar amfani cikin hikima, wato a ci moriyar dausayi ba tare da an kashe shi ba. Inda aka bi wannan da gaske an ga sakamako. Madatsar Diama da aka gama a 1986 ta mai da ɓangaren Muritaniya na bakin Kogin Senegal fako mai gishiri. Daga 1994 masu kula da gandun Diawling suka zauna da masunta da makiyaya da mata masu saƙar tabarma, suka tsara lokacin buɗe ƙofofin ruwa da rufe su don kwaikwayon ambaliyar da. Ciyawa ta tsiro, kifi ya dawo, kwasakwasa da sauran tsuntsaye suka biyo. A Waza-Logone na arewacin Kamaru ma, inda madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadama, an sake buɗe wani mashigi a 1994, ruwa ya koma wani ɓangare.

Duk da haka lissafin duniya bai yi daɗi ba. Rahoton da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya ce an rasa kusan kashi 35 cikin 100 na dausayin duniya tsakanin 1970 da 2015, kuma suna ɓacewa da saurin da ya ninka na dazuzzuka sau uku. Ganin cewa tsare wurare ɗaiɗai bai wadatar ba ne ya sa aka ƙulla wata yarjejeniyar a 1995, AEWA, wadda ke bin tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da yammacin Asiya hanya guda, daga sheƙa zuwa masaukin rani, har da batun farauta da wayoyin lantarki da harsashin dalma.

Akwai tsuntsun da wannan bai cim masa ba. Numenius tenuirostris ne sunansa, mai siririn baki lanƙwasasshe. A ƙarni na 19 ana ganinsa da yawa a kewayen Bahar Rum. Sheƙarsa kuwa an taɓa tabbatar da ita ne kawai a kusa da Tara, a yammacin Saberiya, a farkon ƙarni na 20. Farauta da busar da fadamu suka yi ta cin sa a hanya, ba wanda ya san takamaimai inda ya kamata a tsare. Zuwa ƙarshen shekarun 1980, 'yan ƙalilan ne ke zuwa wani tafki mai suna Merja Zerga a gaɓar Maroko, wanda ke cikin jerin Ramsar tun 1980. Masu kallon tsuntsaye suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban don su gan su. Duk hunturu adadin na raguwa, har ya koma guda. A Fabrairun 1995 aka ɗauki hotonsa na ƙarshe da babu jayayya a kansa. An yi shekaru ana nema daga Saberiya har Arewacin Afirka, kafin a Nuwambar 2024 masana su wallafa cewa ya ƙare. Merja Zerga na nan da ruwansa, har yanzu yana cikin jerin, kuma duk Janairu masu ƙidaya na zuwa su kafa madubinsu a bakinsa.